Me kuke saurare a sanyin nan?

Baban Hanifa, Dilimi:
Assalamu alaikum jama'a. Sanyin bana ya kora kowa ɗaki da wuri, na kuma san da yawanmu ba sa runtsawa sai da wani abu yana tashi a waya ko a rediyo. Kowa ya faɗa mana abin da yake saurare a 'yan kwanakin nan, in da hali ya faɗi dalili. Ni dai Ɗanmaraya Jos na koma wa. Ina kan keken ɗinki "Mai Akwai da Babu" tana tashi, ta ƙare in sake mayar da ita, har yaran da ke koyon aiki a wurina sun fara haddace ta.

Alhaji Direba, tashar Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Ni hanya ce take zaɓar min. In na ɗauki fasinja da asuba zan yi Abuja, daga tasha har in sauka Hawan Kibo karatun Alƙur'ani kawai nake sawa, don wannan gangaren ba wurin wasa ba ne, duk direba ya sani. Sai na miƙi hanyar Akwanga rana ta ɗaga sannan in sa Shata. Kalangunsa ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi. Bakandamiya kaɗai sai ta ci maka hanya mai tsawo ba ka sani ba. In mun shiga cunkoson Mararaba kuwa sai in bar wa fasinja zaɓi, galibi matasa su ce a sa musu Breaker.

Ummi, Anguwan Rogo:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni kam Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Auta Waziri ne a wayata. "Jaruma" tun ta 2020 lokacin kullen korona har yau ban goge ta ba. In zan yi karatu da dare kuma tsofaffin waƙoƙin Indiya nake sawa a hankali, na Lata Mangeshkar. A wurin mahaifiyata na gaje su. Ranar da aka ce ta rasu a 2022 Mama ta wuni ba walwala, kamar 'yar uwarta ce ta rasu.

Maman Sadiq, Gangare:
Barmani Choge, ba canji. Allah ya jiƙanta. Tun rasuwarta a Funtuwa a 2013 ban ga wadda ta maye gurbinta ba. Ku maza ba za ku gane abin da amada take wa mace ba. Ranar wunin biki a cikin gida, an kife ƙwarya a kan ruwa cikin baho, wasu ƙoren a ƙasa, mata zalla ba namiji ko ɗaya, Barmani ta buɗe baki ta faɗi abin da ke cin kowace mace a rai: kishiya, haihuwa, mijin da ba ya cefane, macen da ta zauna ba sana'a. Sau nawa ta ce mace ta tashi ta nemi na kanta? Yanzu a biki sai a ɗauko mai DJ ya kafa lasifika a ƙofar gida, maza da mata a cakuɗe, babbar mace ba ta isa ta taka ba don kunya. Ni abin nan yana damuna ƙwarai.

Malam na Ali Kazaure:
Madalla da wannan zance, Baban Hanifa. Ni a makon nan Narambaɗa nake bi, musamman "Dokin Iska Ɗanfilinge" da Bakandamiyarsa. Duk wanda ke son ya ji inda Hausa ta kai, ya zauna da wannan bawan Allah na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Sai dai a yi haƙuri da shi, Gobiranci ne tsantsa, mu mutanen Jos sai mun maimaita ɗango sau da yawa kafin mu kama. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda shi da 'yan amshinsa suke karɓeɓeniya, ya ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa, ba wanda ya taka wani. Ga kotso a ƙasa yana tafiya. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, shekaru suka yi tare.

Da safe kuma kafin in fita makaranta Imfiraji ta Aliyu Namangi nake sawa. Ita ba kiɗa, murya ce kawai, amma in ta zo kan mutuwa da kwanciyar kabari sai jikin mutum ya yi sanyi.

Kawu na Bukuru:
Baban Hanifa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ɗanmaraya namu ne. Sunansa Adamu Wayya, a nan Bukuru aka haife shi a 1946. Mahaifinsa makaɗin sarki ne, iyayen suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi, daga nan sunan ya bi shi. Na sha ganinsa yana wasa da idona. Yaran yanzu in sun ji sautin kuntiginsa suna zaton wani babban kayan kiɗa ne. Kuntigi ɗan abu ne da bai fi tafin hannu biyu ba: gwangwanin kifi, a rufe shi da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa. Mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya ya tsayar da taro cik, ya kuma zaga ƙasashen duniya da shi.

Amma ni ba kiɗan ne ya fi kama ni ba, waɗanda ya yi wa waƙar ne. Karen mota. Lebura. Yarinyar da aka yi wa auren dole. Mata da miji da suke rigima a ɗaki, ya yi muryar mijin ya juya ya yi ta matar kamar kana kallonsu. Garin nan garin leburori ne tun zamanin haƙar kuza, iyayenmu daga Kano da Katsina da Bauchi da Barno suka zo neman abinci, shi ya sa waƙarsa ta zauna mana. Ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, cikin azumi. Tun daga ranar nake tambaya, wa ke yi wa talaka waƙa yanzu? Ga mai keke Napep, ga mai turin baro a Farin Gada, ga 'yan gwangwan, ga mai shayi da ke tashi tun kafin assalatu cikin sanyin nan. Wa ya san da su? Kullum soyayya, kullum ɗan siyasa.

Alhaji Direba, tashar Bauchi Road:
Kawu Allah ya ƙara girma. Ni da karen mota na fara kafin in riƙe sitiyari. Wanda bai kwana a ƙarƙashin mota a daji ba, bai sa wejin taya a kan hawa ba mota tana ja da baya, ba zai san abin da waƙar nan take nufi ba. Ranar da na fara jin ta na ji ashe mu ma mutane ne, akwai wanda ya gan mu.

Ɗan Rikkos:
Kawu ina gaisuwa, a gafarce ni zan sa baki, don ni a situdiyo nake cin abinci, kiɗa nake haɗa wa mawaƙa. Maganarka gaskiya ce amma ba ta cika ba. Shata da ake ta yabo, waƙoƙinsa nawa ne na sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata? Ɗanƙwairo fa, ba shi ya yi wa Sardauna "Mai Dubun Nasara" ba? Narambaɗan da Malam ya kawo makaɗin fada ne gaba da baya. Shi kansa Ɗanmaraya ya yi wa masu hannu da shuni waƙa. Ba laifi ba ne, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun asali mawaƙin Hausa wanda ya ba shi yake wa waƙa.

Ku duba yadda abin yake yau. Yaro ya zo da waƙarsa a rubuce a waya. Zai biya kuɗin situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya mai amshi in da mace a ciki, in zai yi bidiyo wannan wani dutsen ne daban. Waƙar ta fita yau, gobe tana cikin memorin kowa, masu turi a kasuwa sun tura wa mutum ɗari, shi ko sisi bai gani ba. Zamanin kaset da faifan CD aƙalla akwai ɗan kasuwar da zai sayi aikin. Yanzu YouTube da Audiomack sai wanda ya riga ya yi suna ne yake ganin wani abu. To daga ina zai mayar da kuɗinsa? Waƙar amarya da ango, ko ta ɗan takara. Ita ma ta siyasar ba tabbas, mun taɓa kwana muna yi wa wani aiki lokacin zaɓe, ya karɓa ya yi ta yawo da ita a motar kamfe, har yau cikon kuɗinmu bai fito ba. In yaro ya yi wa mai turin baro waƙa, wa zai yi masa liƙi?

Kawu na Bukuru:
Ɗana na ji ka. Amma shi Ɗanmaraya wa ya biya shi kuɗin waƙar karen mota? Ya yi ta manya ya ci abinci, ya kuma ware wani abu ya ba talaka kyauta. Yau wacce aka fi tunawa? Tambayi kowa a titi ya kawo maka sunan attajiri ɗaya da ya wasa, sai ya yi ta tunani. Ce masa karen mota ka ga.

Malam na Ali Kazaure:
Ina ganin kowannenku ya riƙe wani gefe. Ni abin da zan ƙara, kada mu yi wa 'yan zamani kuɗin goro. Aminu Ala yana nan, ya san ƙafiya ya san ma'auni, waƙarsa ta jami'a duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya ga kansa a ciki. Nura M. Inuwa ko a waƙar soyayya yana saka magana mai nauyi, yana kuma taɓa maraici da halin rayuwa. Naziru Sarkin Waƙa ya dawo da salon fada da kirari cikin kiɗan zamani, yara da ba su taɓa jin Ɗanƙwairo ba ta hanyarsa suka fara leƙawa baya.

Inda nake da ƙorafi, Ɗan Rikkos, shi ne kiɗan. Me ya sa in na sa waƙa goma sai in ji kamar guda ɗaya ce? Da can kana jin sauti daga nesa ka san ko wane ne. Gurmi, ka ce Haruna Uji. Kukuma, ka ce Ahmadu Doka ko Hassan Wayam. Kotso, ka san fada aka nufa. Kalangu, Shata ko mahauta. Yanzu duk fiyano ɗaya, muryoyin ma na'ura ta goge su sun zama iri ɗaya, ba ka bambance wannan yarinya da waccan.

Ɗan Rikkos:
Malam wannan kam ka taɓa gaskiya, mu ma a cikinmu muna faɗa. Bari in gaya maka yadda ake yi. Mawaƙi zai tsaya ya rera min amshi da baki, in nemo masa ma'aunin a kwamfuta, in ɗora ganga, in ɗora sarewa da goge na cikin fiyano, awa biyu an gama. In na ce a kira mai kalangu na gaske, sai an neme shi, a biya shi, a yi ta maimaitawa, don kalangu a hammata ake matsa shi, sautinsa yana hawa yana sauka da maganar mawaƙi, ba ya zama daram a kan ma'aunin kwamfuta. Wannan hawa da saukar ita ce daɗinsa, ita ce kuma wahalar ɗaukarsa. Na taɓa ɗaukar wani dattijo mai kotso, kafin ya fara sai da ya zauna yana murza danƙon da ke tsakiyar fatar da babban yatsa, ya buga ya saurara, ya ƙara murzawa, har sautin ya zauna masa. Da muka saurari abin da muka ɗauka, wallahi ba a haɗa shi da na fiyano. Amma mai waƙar ya ce ba zai iya biyan irin wannan a kowace waƙa ba. Masu son a yi da kayan gargajiya suna da yawa, masu biya ne babu.

Ummi, Anguwan Rogo:
Kawu da Malam ku yi haƙuri, amma mu ma fa ba a banza muke son namu ba. Waƙar soyayya ita ma halin rayuwa ce. Yarinyar da aka hana ta wanda take so, ko saurayin da aka ƙi don ba shi da kuɗi, su ma talakawa ne, a waƙar suke samun sauƙi. Kuma a TikTok na fara jin muryar Barmani, wata ta ɗora a bidiyonta, na je na nemo cikakkiyar. Ƙawayena da yawa haka suka san Shata. Ba ƙin na da muke ba, ba a ba mu ba ne. A gidanmu ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga Narambaɗa, ga abin da yake cewa.

Maman Sadiq, Gangare:
Ummi 'yata kin yi magana. Laifinmu ne iyaye a nan wurin.

Baban Grace, Tudun Wada:
Sannunku 'yan'uwa, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni a mota Panam Percy Paul nake ji da Jeremiah Gyang, "Na Ba Ka" har yau ba ta tsufa a wurina. Ranar Lahadi kuma in zumuntar mata suka tashi da tulu da kacau-kacau suna waƙa da Hausa, ba na son a gama. Na shigo ne saboda maganar Kawu. Mahaifina Birom ne, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, amma kaset ɗin Ɗanmaraya ba ya rabuwa da rediyonsa. "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali" a bakinsa na fara ji. Mutumin nan na Jos ne gaba ɗaya, ba na unguwa ɗaya ba. Abubuwan da suka faru a garin nan tun 2001 sun raba mana unguwanni, wasu wuraren da muke zuwa kallon wasa muna yara yanzu sai mutum ya yi tunani kafin ya shiga. Amma na lura ko a lokacin da abubuwa suka fi zafi ba wanda ya daina jin Ɗanmaraya, ta kowane ɓangare.

Kuma kada mu manta garin nan ya fitar da P-Square da M.I da Jesse Jagz da Ice Prince. Duk a nan suka tashi kafin Legas ta ɗauke su. Ƙasar nan tana da albarkar waƙa, riƙewa ce ba mu iya ba.

Kawu na Bukuru:
Baban Grace Allah ya yi albarka, ya jiƙan magabata. Haka garin yake da, wallahi haka yake.

Ɗan Jos a Kubwa:
Ina biye da ku daga Abuja, kewar gida ta kama ni. Ni a 'yan watannin nan arewa na ƙara yi, kiɗan Buzaye da maƙwabtansu nake ji. Tinariwen na Mali, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, da Bombino na Agadas, da marigayi Ali Farka Toure. Ba na jin yarensu, amma duk wanda ya tashi da gurmi da molo zai ji jitarsu ba baƙuwa ba ce. Abin da ya sa na kawo su, Ɗan Rikkos, su ba su jefar da salon gidansu ba, jitar lantarki suka ɗauka suka sa ta yi maganar garinsu, duniya kuma ta zo ta same su. Me zai hana wani yaron Jos ya ɗauki kuntigi ya shiga da shi situdiyo?

Ɗan Rikkos:
Yaya samo min mai kaɗa shi tukuna. Na daɗe ina cigiya. Masu kalangu suna nan saboda biki da 'yan dambe, masu gurmi ma ana samu. Kuntigi kam duk wanda na tambaya sai ya ce da akwai wani tsoho a wuri kaza, in an je ba a same shi ba. Yaro ba zai koyi abin da bai ga ana yi ba.

Baban Hanifa, Dilimi:
Wannan magana ta tsaya min a rai. A garin Ɗanmaraya a rasa mai kuntigi? Jama'a duk wanda ya san wani, ko a Bukuru ko Barikin Ladi ko Toro, ya yi mana magana.

Kawu na Bukuru:
Zan tambaya a nan cikin tsofaffin abokaina. Sannan akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ina da kaset cike da akwatin ƙarfe, na Ɗanmaraya da Shata da Ɗan Anace da Ali Makaho da Sani Sabulu. Wasu saye na yi a babbar kasuwar Terminus kafin gobarar 2002, wasu kuma daga Rediyon Kaduna na ɗauka da kaina, in an sa waƙa in danna jan maɓalli, har muryar mai gabatarwa tana ciki. Akwai waɗanda jikana ya duba min a YouTube bai gansu ba. Da in zare ya tsinke nakan buɗe in haɗa bakin da ɗan jan farce, in sa biro in naɗe. Yanzu ido ya yi rauni, rediyon ma ta fara cin zare, ina tsoron sawa. In na faɗi yau, na san 'yan gwangwan za a kira.

Malam na Ali Kazaure:
Kawu Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan dukiya ce. Shata ya rasu tun 1999, Ɗanƙwairo tun 1991, abin da ba a ɗauka ba ya tafi, wanda aka ɗauka kuma yana lalacewa a ɗakunan mutane irin haka. Yawancin abin da ke yawo a intanet ma an yanke kai ko gindi, wani an lanƙaya masa sunan mawaƙin da ba shi ba. In za a juye, ni zan zauna in rubuta sunan kowace waƙa da mai ita, inda Hausar ta yi tsauri in rubuta baitocin don irin su Ummi.

Ummi, Anguwan Rogo:
Malam in an rubuta ni zan buga a kwamfuta, muna hutu yanzu.

Ɗan Rikkos:
Kawu wannan aikina ne, kuma ba zan karɓi ko kwabo ba. Roƙona ɗaya, kada a ƙara sa ko ɗaya a tsohuwar rediyon. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye zarensa yana mannewa, wani yana yin fumfuna saboda damina, in injin ya ja da ƙarfi sai ya tsinke ko ya goge sautin. Sai an fara juya kowanne da hannu a hankali, a goge kan injin da auduga da sifirit, sannan a haɗa da kwamfuta. Kuma ba a gaggawa, kaset na minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa. Ina da dek, wato injin kaset, mai kyau da na saya a wurin masu gyaran rediyo, bel kawai zan canza masa.

Kawu na Bukuru:
To ɗana, amma da sharaɗi. Akwatin ba zai bar gidana ba, kai za ka zo da kayanka. Kuma ba na son a ɗora wani kiɗa a kai ko a goge muryar da na'urarku. Yadda yake da shuuu ɗinsa haka za a bar shi.

Ɗan Rikkos:
Na yarda Kawu, ba zan taɓa komai ba. Asabar bayan azahar in Allah ya kai mu. Akwai wuta a wajenku ko in taho da ƙaramin janareta?

Alhaji Direba, tashar Bauchi Road:
Asabar ba ni da lodi, zan ɗauke ka da kayan daga Rikkos. Ka taho da janaretan, kada a dogara da wuta.

Maman Sadiq, Gangare:
Ni ma akwai na Barmani da na Uwaliya Mai Amada a cikin kayan marigayiya yayata, suna cikin wata jaka a saman sif. Zan ba Sadiq ya kawo wa Alhaji tasha ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ɗan Rikkos a fara da na matan don Allah, sun fi tsufa, ɗaya ma murfinsa ya fashe.